Daga Bakin Tur'a Zuwa Makewayin Gidan Haya

 

'Yan uwa, tun da Singa ta koma hannun soja a watan Nuwamba na 2024, Wad Madani kuma a ranar 11 ga Janairu na 2025, mutane suka fara komowa gidajensu, wata irin ƙara ta yawaita a zauren dattijonmu, wadda a da sai a shekara ba a ji irinta ba. Ƙarar makewayi ce. Mu da muke riƙe da alƙalami da littafin zaure mun rubuta ta har hannu ya saba, domin kusan kullum siffarta ɗaya. Mai gida ya dawo ya tarar an cire famfo, an ɓalle ƙofa, an kwashe bututu da tankin ruwa. Abin hannunsa ya ƙare a gudun hijira, yana so ya zuba 'yan haya kafin wata ya mutu. Sai ya kira magini, a kwana biyu a shafe ƙasa da siminti, a watsa farin fenti a bango, a ce an gyara. Bayan wata uku ga ɗan haya a zaure yana cewa ruwa ya ƙi fita, ko kuma ga maƙwabci yana cewa gindin katangarsa ya jiƙe yana zubewa. Mai gidan namu ne, ɗan hayar namu ne, kuma kowannensu yana da gaskiyar cewa ba shi da kuɗi.

Dattijo ya ce mu rubuta wani abu a kan wannan. Muka ga ba za a fahimci maganar ba sai an koma baya, domin wurin wanka yana da nasa tarihi a cikin tarihin zamanmu a ƙasar nan.

A ƙasar Hausa, inda iyaye suka fito, gida yana farawa daga zaure ya ƙare a makewayi. Sunan kansa ladabi ne: wuri ne da ake kewayawa a je, ba a ambatonsa kai tsaye, shi ya sa har yau dattijo yakan ce zai kewaya. A can ƙuryar gida yake, an kare shi da katanga ko zana, ba rufi, rana tana shiga ta busar da shi. A gefe ɗaya masai, a ɗaya gefen wurin wanka, da dutse ko tsakuwa inda ake tsayawa, da rariya a gindin katanga inda ruwa ke fita. Mata su ne ma'abuta daɓe: a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi, sannan a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi ta daina shan ruwa. Maginan Kano kuwa suna da laso, haɗin katsi na marina da gashin majema da dafara, wanda suke yaɓa wa bangon da ruwa ke duka. Amma babban mai taimakon makewayin can ita ce ƙasar kanta. Jigawa ce da marmara, ka zuba ruwa ka juya baya ta shanye.

Sai Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, Fulani da Hausawa da sauransu, har suka sauka a Shaihu Ɗalha a bakin Bahar Azrak a 1906, daga baya suka haye suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. A bayansu, da kuma gabaninsu, akwai ayarin mahajjata masu tafiyar ƙasa, waɗanda kan tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Da yawanmu jikokin waɗannan ne.

Abin da suka tarar a nan wata ƙasa ce dabam. Baƙar laka ce mai nauyi, wadda da rani take tsattsagewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta kumbura ta rufe bakinta, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki. Ita ce ta sa auduga ta yi albarka a Jazira, domin tana riƙe ruwan ban-ruwa, tur'a ba ta yoyo. Ita ce kuma abokiyar gabar duk mai gini. Tana ɗaga daɓe ta sauke shi, tana tsaga bango, ramin masai da ba a ɗaure bakinsa ba tana rufta shi a damina ɗaya. Ga shi babu ɗorawa a kusa balle makuba, kuma dutse sai an je nesa. Iyaye suka koyi ginin jalus daga maƙwabta, suka koyi yaɓen zibala, suka karɓi jardal da bambar da zir a madadin ƙwarya da 'yar kujera da randa, har sunayen suka shige harshenmu. Duk wanda ya girma a ƙauyukanmu ya san makewayin wancan zamani: darni na karan dawa, 'yan gutsattsarin tubali a ƙasa don kada ƙafa ta nutse, da ɗan rami a waje wanda yara ke kwashewa da gwangwani su watsa a hanya da la'asar.

Akwai dalili na biyu da ya sa aka daɗe ba a wuce darni ba, kuma wannan a zuciya yake. Mutanen suna ganin kansu a kan hanya suke. Mai niyyar Makka ba ya zuba dukiyarsa a tubali. Wani mai bincike, Bawa Yamba, da ya zauna cikin ƙauyukanmu na Jazira, ya fitar da littafi a 1995 a kan wannan hali, inda ya nuna jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a nan suna kiran kansu matafiya, suna gudun ginin da zai nuna sun zauna. Mu mun ji irin wannan da kunnenmu a bakin kakanni. Hukuma ma ba ta ba su ƙarfin zuciyar yin gini ba: dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta biyo ta a 1957, sun sa ƙarshen shekarar 1897 ya zama ma'auni, wanda kakansa ya iso a 1906 kuwa ya makara da shekara tara. Mutumin da bai tabbata filin da yake kai nasa ba ne, ba zai sayi siminti don wurin wanka ba.

A 1925 aka gama madatsar Sinnar, aka buɗe aikin noman Jazira, ruwa ya shiga tur'o'i, daga babba zuwa ƙarama, zuwa Abu Ishirin da Abu Sitta da ke shayar da hawasha. Hannun iyayenmu yana cikin wannan aiki, a haƙa da shuka da tsinkar auduga. Masu ƙwadago da yawa suka zauna a kambo, a gefen gonaki, a filin da ba a rubuta da sunansu ba. Ga mutumin kambo, tur'a ita ce rijiya, ita ce wurin wanki, ita ce wurin wanka. Mu ma da muka tashi a ƙauye mun yi iyo a cikinta bayan an tashi makarantar allo, an kuma zane mu a kan haka, ba mu daina ba.

Ruwan da ke tafiya a hankali cikin ciyawa gidan dodon koɗi ne, dodon koɗi kuwa shi ne mai renon tsutsar tsargiya. Tana fita daga jikinsa ta yi iyo, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Jazira ta tara iri biyu, mai sa fitsarin jini da mai cin hanji da hanta, wanda kan kumbura cikin magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa. Akwai lokacin da fitsarin jini ya zama kamar alamar girman yaro a wasu ƙauyuka, saboda yawansa. Aikin Lafiya na Bahar Azrak, wanda gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara a 1979, ya yi wajen shekara goma yana yaƙi da tsargiya da zazzaɓin sauro da gudawa: ana zuba maganin dodon koɗi a tur'a, ana raba ƙwayoyi, ana gyara ruwan ƙauyuka, ana taimaka wa gidaje da murfin masai na siminti. Abin da ya zauna mana a kai daga wancan zamani shi ne, wurin wanka a cikin gida magani ne kafin ya zama jin daɗi. Akwai kuma wani ilimi mai araha da ya kamata kowane mai ɗibar ruwan tur'a ya riƙe: tsutsar ba ta wuce kwana biyu da rai idan ba ta sami jiki ba, don haka ruwan da ya kwana biyu a barmil an tsira daga tsargiyarsa wajen wanka. Sha kuwa sai an tafasa ko an sa masa kulorin.

Daga shekarun 1970 kuɗin masu aiki a Saudiyya da ƙasashen Larabawa ya fara shigowa. Aka yi ginin jan tubali daga kaminonin bakin kogi, aka ja famfo daga sahrij, masu hali suka haƙa saifon, suka liƙa siramik. A nan ne banyo ya shigo wasu gidajenmu, wannan doguwar kwatarniya da ake kwanciya a ciki. Mun shiga gidaje da dama da ke da shi, ba mu taɓa jin wanda ya ce ya kwanta a ciki ba. Wani an jiƙa wanki, wani an tara ruwa don ranar da famfo zai ɗauke, a wani gida mun tarar an adana albasa. Ba abin mamaki ba ne. Barmil lita 200 yake ci, banyo ɗaya kuwa yana shanye fiye da rabinsa, alhali jardal guda ya ishi babban mutum. Mu da muka karanta Ahalari da Ishmawi da Risala mun san wankanmu na zubawa ne da cuɗawa, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar, abin da bai fi 'yan litoci kaɗan ba. Wanda ya zauna cikin ruwan da dattinsa ya narke a ciki, a ganinmu sai ya sake ɗauraya.

A wannan zamani ne kuma wasu cikinmu suka zama masu gidajen haya. Jami'ar Jazira ta kafu a Wad Madani a 1975, ɗalibai da ma'aikata suka buƙaci ɗakuna, direbobi da 'yan kasuwarmu suka sayi filaye a Madani da Sinnar da Singa da Damazin. Jikan mutumin da ya ƙi yin gini don yana kan hanya ya wayi gari yana ba wa wasu matafiya masauki da kuɗi.

Sannan abin da ya faru ya faru. A watan Yuli na 2022 rikicin Damazin da Rusairis ya kori dubban 'yan uwanmu, a Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, suka watsu zuwa Sinnar da Jazira da gaba. Ranar 15 ga Afrilu na 2023 yaƙi ya tashi a Kartum, mutanenta suka kwararo Madani, kuɗin haya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, gidan da aka gina wa iyali ɗaya ya ɗauki huɗu. A Disamba Madani ma ta faɗi, wanda ya ba da masauki jiya ya zama mai nema. A watan Agusta na 2024 hukuma ta yi shelar kwalara. Wanda ya zauna a gidan da mutum talatin ke layi a makewayi ɗaya, ruwansa yana malala ta inda yara ke wasa, ba ya buƙatar likita ya gaya masa yadda ciwon ke yawo. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

To, me shari'a ta ce? Malamanmu na Malikiyya ba su raina wannan babi ba. Shaihu Halil a Muhtasar ya ware fasali a kan hayar gidan wanka da gida da ƙasa. Abin da ya tafi a kai shi ne, ba a tilasta mai gida ya yi gyara, amma idan lalacewar tana cutarwa ɗan haya yana da zaɓi, ya zauna ko ya tashi. Ya kuma halatta a sharɗanta cewa ɗan haya zai kwashe masai, ko ya yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba a kansa, ba daga aljihunsa a kan abin da ba a san iyakarsa ba. Masu gida suna son rabin farko na wannan magana, sukan kawo mana shi a haddace. Dattijo yakan tuna musu cewa zaɓin tashi yana da ma'ana ne ga wanda yake da inda zai je, matar da ta dawo daga Gadarif da 'ya'ya biyar kuwa ba ta da shi. Yakan ƙara da cewa rashin tilasta gyara bai halatta ɓoye aibi ba. Fentin da aka watsa a kan tsagaggen bango don mai dubawa ya ɗauka lafiya lau ne, algus ne, daidai da zuba ruwa a nono. Rabi na biyu kuwa shi ne mafitar da muka fi sulhu da ita: a kira magini ya faɗi kuɗin aiki gaban shaidu, ɗan haya ya biya, a riƙa cirewa daga hayar kowane wata, mu rubuta.

Game da aikin kansa, ga abin da tsofaffin maginanmu suka dace a kai, kuma duk ya koma ga tambaya ɗaya: ina ruwan zai je? Kafin a sayi komai, a zuba jardal guda a tsakiyar wurin a tsaya a gani. Idan ya gangara ya fita, ƙasar tana da lafiya, a toshe tsaga a bar ta. Idan ya kwanta, shafa sabon siminti a kan tsoho asarar kuɗi ce, domin baƙar laka tana nan a ƙasa tana numfashi. Sai a fasa, a kwashe lakar kamar kamu guda, a cike da rairayi da fasassun jan tubali, a daddaɓe sosai kamar yadda kakanninmu mata suke yi, sannan a zuba siminti, awo ɗaya ga awo uku na rairayi, da gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa bakin magudana. Wurin wanka ƙarami ne, aikin yini ɗaya ne ga magini da yaronsa. Inda ake yin ɓarna shi ne bayan nan. Siminti yana son a yi ta shayar da shi ruwa kwana bakwai kafin ya yi ƙarfi, mai gida kuwa yana son ɗan haya ya shiga gobe. A nan sauri ke haifar nawa. Mako guda na wanka a bayan zana ya fi sake fasawa bayan damina.

Kada a goge fuskar simintin ta yi santsi kamar madubi. Tsoho da mai ciki su ne za su biya kuɗin wannan ado. Siramik ma haka: a ƙasar da ke motsi yana tsagewa, ruwa ya bi tsagar ya shige ƙasa ba a gani, kuma ɗaya ya fashe ba lalle a sami irinsa a kasuwa ba. Idan bangon jalus ne, a ɗaure gindinsa da jan tubali, a yaɓe da siminti har zuwa ƙugu, domin nan ne ruwa ke fantsama. Magudana kuma kada ta ƙare a gindin katanga, taka ko ta maƙwabci. Ramin tsotse ruwa ba ya aiki sosai a laka, cika yake ya zama gidan sauro. Abin da ya fi shi ne a ja bututu nesa da gini a sake shi a gindin darbejiya ko lemo, itacen ya sha, kai ka sami inuwa. A raba ruwan wanka da ramin masai, don kada ramin ya cika da wuri ko ya rufta, kuma mai haƙa sabo ya nisanta shi da rijiya da aƙalla mita 30.

Dush ba laifi ba ne inda famfo ke zuwa kullum. Barmil na roba a kan ginshiƙi mai tsawon mita biyu da 'yan kai, da bututun rabin inci, da kan famfo ɗaya, sun isa. Amma a ƙauyen da ruwa ke zuwa a bayan jaki a kan karo, ana saya da kuɗi, famfo ɗaya a daidai gwiwa da jardal da moɗa sun fi wa ɗan haya amfani, kuma ɓarawo ba ya kwaɗayinsu. Wanda ke da tsohon banyo da ya tsira daga wawaso, ya fitar da shi tsakar gida ya yi masa murfi, ya zama ma'ajin ruwa, a daɓe gurbinsa.

Abu na ƙarshe da masu gida ke mantawa shi ne wanda mata ke fara dubawa: ƙofa mai sakata ta ciki, da katangar da ta fi tsayin namiji, da ɗan haske da dare. Gidan haya yana tara waɗanda ba muharramai ba. Mun ga iyalin da suka bar gida mai araha ba don ruwa ba, sai don labulen buhu ne a bakin makewayi.

A makon da ya wuce aka kawo mana irin wannan ƙara tsakanin wani dattijo mai gida da wata bazawara, 'yar amininsa marigayi. Ya ce, "'Yata, kin san halin da na dawo a ciki, ko gadon kwana ban tarar ba." Ta ce, "Baba, na sani, ban zo don in kunyata ka ba. Amma jiya ƙaramin yarona ya zame ya fasa goshi, kuma ruwan yana shiga ɗakin da muke kwana." Dattijonmu ya aika aka kira magini, muka je tare, aka zuba jardal guda gaban kowa, ruwan ya juya ya nufi ƙofar ɗaki. Ba wanda ya ƙara magana. Muka rubuta buhun siminti biyu, da karo biyu na rairayi, da ƙofar langa-langa mai sakata, ita za ta biya, a cire mata daga hayar wata uku, kuma ba za a taka daɓen ba sai ranar Juma'a ta sama. Mai gida ya sa hannu, ita ta dangwala yatsa, maƙwabciyarta ta yarda su yi wanka a nata makewayin har kwana bakwai su cika.